Zinariya a Cikin Baba Arzika

Jirgin ruwa ya sauke mu Libaful da hantsi, amma hantsin nasu bai kai asubahin Wurno haske ba. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ne. Ina malamin asibiti a Rabah anka zaɓe ni in je Ingila in koyi aikin ɗakin gwaje-gwaje, ni da ban taɓa wuce Gusau ba.

Ban yi nisa da bakin jirgi ba wani mutum mai hula da maɓallan tagulla ya tare ni, ya ce in buɗe jaka. Na buɗe. Ya ɗauke ƙunshin kilishin da Inna ta sa anka yi mini, da ƙullin tafarnuwar fadamarmu, ya ce doka ta hana. Har godiya na yi masa don bai kama ni ba. Sai da na shiga layi na iske masu binciken gaskiya zaune a teburinsu, sannan na gane wancan ba kowa ba ne, hular kawai gare shi. Ni mutum ne mai zuciya, duk Rabah an san ni da haka, amma ran nan na rasa wanda zan zaga, kuma na rasa harshen da zan zage shi da shi.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni wani gari na masaƙu, can ciki, inda hayaƙi ya baƙanta bangon kowane gida. Anka sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa. Ba ta taɓa yi mini baƙar magana ba, wannan shaida zan ba ta. Amma in za ta ba ni makulli sai ta ajiye a tebur in ɗauka, kuma ta ɗaura jan zare a hannun kofina don kada ya haɗu da nasu. A titi kuwa gaisuwa kalma ɗaya ce, kafin ka buɗe baki mai ita ya sha kwana. Mu da in ka gamu da mutum a kasuwar Gandi za ka riƙe hannunsa ka tambayi gida, ka tambayi yara, ka tambayi bisashe da ruwan bana, kana saki kana sake kamawa kana kai hannu ƙirji. Watanni sunka shuɗe ba wanda ya riƙe mini hannu. Wani lokaci in na idar da sallar asuba sai in kama hannuna na dama da na hagu in gaishe da kaina. Ba raha nake ba, haka na yi.

Ilimin da anka kawo ni koya shi ma na rashin taɓawa ne. Ɗakinmu yana ƙarƙashin babban asibitin garin, shugabarsa wata Baturiya ce siririya mai furfura, muna ce mata Malama Edis. Ranar farko ta ɗora wani akwati a tebur, mai ɗan bututu a jikin waya. Ta kunna, ya fara ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas. Ta ce ko a ɗakin da ba kowa haka yake yi, don ƙasa da duwatsu da jikin ɗan Adam duk suna fitar da kaɗan daga abin da yake ji. Sannan ta ɗauko wani baƙin dutse da awartaki ta kusanto da shi. Akwatin ya rikice kamar ana suyar gyaɗa.

Ta yi mana bayani a hankali, don ta ga idona. Kowane abu a duniya, in ji ta, an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya a tsakiyarta. Yawancinsu cibiyarsu a natse take har abada. Wasu kuwa an cika musu kaya fiye da ƙima, ba su da zama lafiya, sai wata rana cibiyar ta tofar da wani yanki nata. Wannan tofin shi ne tartsatsin da akwatin ke ƙirgawa. Ido ba ya ganinsa, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa nama yana ɓata shi. In kuma cibiya ta yi tofin, abin ya tashi daga sunansa ya koma wani abu dabam. Nan na ce a raina, to ga abin da bokayen da ke neman juya darma ta zama azurfa sunka ƙare rayuwarsu suna nema, ashe yana faruwa da kansa ba mai sa shi.

Ta sa takarda tsakanin dutse da bututu, ƙarar ta ragu. Ta ce tartsatsi na farko ke nan, alfa, takarda ma ta ishe shi. Ta sa fallen ƙarfen goran ruwa, ƙarar ta ƙara raguwa: bita ke nan. Na ukun, gama, sai da ta jera tubalan darma sannan ya lafa, shi ma bai mutu duka ba. Dokokin ɗakin guda uku ne: kada ka daɗe, kada ka matsa kusa, ka sa darma tsakaninku. Komai da awartaki, komai da safar roba. Da yamma in na fito sai in ga ni ma haka garin ya ɗauke ni.

Wata Asabar na shiga kasuwar kifi, ba don in saya ba, don dai in ji ƙarni irin na bakin gulbin Rima. Na tsaya gaban wani kifi shimfiɗaɗɗe, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya. Ban san maganar ta fito fili ba na ce, “Mi wannan kuma?”

Sai na ji murya a bayana. “Wa yac ce mi?”

Na juya. Wani dattijo ne baƙi, dogo, cikin tsohon kwat na soja, riƙe da tsintsiyar share kasuwa. Ya jingine ta, ya goge hannu a jikin kwat, ya miƙo mini. Ya tambaye ni ɗan ina ne. Na ce Wurno. Ya ce shi ya sa tun daga ƙofa yake jin warin tafarnuwa. Na ce shi fa? Ya ce Goronyo, gidan masunta. Na ce ai ba sai an faɗa ba, mutum ya ƙetare teku duka ya rasa inda zai zauna sai cikin ƙarni. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, kuma duk wannan bai saki hannuna ba. Ya tambayi Wurno, ya tambayi Sarki, ya tambayi iyayena da bai sani ba, ya tambayi ko Rima na cika fadama har yanzu. Ina amsawa hawaye na zuba, masu sayar da kifi suna kallonmu.

Sunansa Arzika, ni ina ce masa Baba. Soja ya shiga lokacin yaƙi, daga nan ya koma zuba gawayi a tukunyar jiragen ruwa, har wani jirgi ya bar shi a Ingila ba lafiya, shi ke nan zama ya kama shi. Hausarsa ta yi tsatsa. Sai ya tsaya tsakiyar magana yana kaɗa yatsa yana neman kalma, in na ba shi ya ce dama ita zai faɗa. Sunayen kifi ne kawai bai manta ko ɗaya ba: tarwaɗa, ragon ruwa, ƙarfasa, gargaza. Kowace Lahadi ina ɗakinsa. Yana tuƙa wani abu da garin alkama ya ce tuwo ne, ni kuwa in ci in ce Allah ya isa tsakanina da Goronyo. In zan tafi sai ya rako ni bakin titi yana riƙe da hannuna.

Da sanyi ya shigo na lura Baba yana ramewa, cikinsa kuwa yana kumbura. Na yi aikin asibiti, na san abin da nake gani. Na matsa masa har ya yarda anka duba shi, anka ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, ruwa yana taruwa a cikinsa yana danne masa numfashi.

Ranar da munka dawo da wannan labari bai tuƙa tuwonsa ba. Ya zauna bakin gado ya ce mutuwa ba ta dame shi ba, abu ɗaya ne ke hana shi barci. Ya je jana'izar abokan aikinsa, ya ga yadda ake yi.

“Su sa ma mutum kwat, su shafa mai hoda, su taje mai gashi awa ango,” in ji shi. “Sa'idu, kak ka bari a yi min haka. Kai za ka wanke ni, da hannunka.”

Na ce masa ban taɓa wanke gawa ba, na dai karanta a makarantar ilimi, na kuma ga ana yi. Ya ce ya isa. Na ce na ɗauka, in Allah ya so.

Likitoci sunka ce ba su iya warkar da shi, amma suna iya hana ruwan taruwa don ya samu numfashi. Maganin daga ɗakinmu ya fito. Zinariya ce da anka sa cikin tanderun nukiliya har cibiyarta ta rasa natsuwa, anka niƙe ta cikin ruwa, ja wur kamar soɓorodo. Ta zo cikin tukunyar darma da sai mutum biyu ke ɗagawa. Ni na tura keken da ya kai ta sama, anka ɗura wa Baba a ciki da allura.

Washegari na je gaishe shi. An ware shi a ɗaki shi kaɗai, an ja jan layi a ƙasa nesa da gado, nas ta ce nan mai ziyara zai tsaya, kuma kada ya daɗe. Baba na ganina ya miƙo hannu yadda ya saba. Na tsaya a bayan layi kamar gunki. Ya ce mi ya faru, ko Wurnawa sun fara ƙyamar masunta ne?

Sai na yi masa karatun Malama Edis da Hausa. Na ce zinariyar da ke cikinsa tana tofar da tartsatsi, mai gajeren zango yana ƙona ciwon, mai dogon zango kuwa yana ratsa jikinsa ya fito ya sami wanda ke kusa. Na ce duk ƙwayar da ta yi tofi ta tashi daga zinariya ta koma zaiba. Ya ce ai ya sani, zinariya ba za ta yarda ta kwana cikin ɗan masunta tana zinariya ba. Ya tambayi yaushe abin zai ƙare. Na ce kowane abu irin wannan yana da nasa wa'adin da rabinsa ke mutuwa, wani shekaru dubbai, wani ƙiftawar ido, ita wannan kwana uku ba kaɗan. Ba wuta ba sanyi ba addu'ar da ke sa ta sauri ko jinkiri. Bayan kwana ukun rabi ya tafi, bayan wasu ukun rabin ragowar ya tafi, haka dai. Ya yi lissafi da yatsu, ya ce ashe ba ta ƙarewa ke nan. Na ce sai dai ta ƙanƙance har a daina damuwa da ita. Ya ce haka Goronyo ta yi masa.

Zuciyar nan tawa ta taso. Na leƙa, nas ta fita, na ce wane irin layi, na ɗaga ƙafa zan ƙetare. Wallahi kafin in sauke ta Baba ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin bargo.

“Tsaya inda kake. Kai da ko aure ba ka yi ba? In tahi gaban Allah da alhakin ɗan mutane?” Ya numfasa. “Bari ta rabu, ta sake rabuwa. Jumma'a ta sama sai mu gaisa da kyau.”

Haka munka yi ta gaisawa daga nesa, yana kai hannu ƙirji ina kai nawa. Numfashinsa ya ɗan saki, har ya fara zagin abincin asibiti. Amma zuciyarsa ta riga ta gaji. Ran Talata da hantsi ina wanke kwalabe anka aiko a kira ni. Ko da na hau sama an rufe masa fuska.

Babban likitan ya zaunar da ni cikin mutunci, Malama Edis tana gefe. Ya ce Baba ba shi da kowa, sunana ya bayar. Zinariyar tana nan da sauran ƙarfinta, saboda haka hanya biyu ce. Ko a sa shi yadda yake cikin akwati mai darma a rufe, a binne gobe, ba mai taɓa shi. Ko a ajiye shi a ɗakin sanyi kusan mako biyu har tartsatsin ya lafa, sannan in yi abin da addinina ya ce.

A Wurno wanda ya cika da hantsi, kafin azahar an dawo daga rufe shi. Tun ina yaro na san jinkirta gawa wulaƙanta ta ne. Ga shi kuma na ɗauki alkawari da bakina. Ba malami a garin, ba masallaci, ba dattijo ɗaya da zan durƙusa gabansa in ce Baba, mi za ni yi? In na aika gida tambaya, kafin amsa ta ƙetaro teku an gama komai. Na roƙi su bar ni in wanke shi yanzu, in ɗauki abin da zai same ni. Malama Edis ta ce a'a, kuma ta ce shi ma mamacin ya riga ya ce a'a, don nas ta gaya mata zancen bargo. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan kujera ba. Na ce a ajiye shi.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Ɗakin sanyi yana ƙarshen barandar da ɗakin aikinmu yake, kullum sai na wuce ƙofarsa. In tsaya in yi sallama, in ce Baba ka yi haƙuri, ni ne na tsare ka. Abinci ya daina shiga. Kullum ina tambayar kaina ko alkawari na cika ko zunubi na ɗauka, har yau kuma ban sami wanda ya ba ni amsar da ta kwantar mini da rai duka ba. Na sayi farin yadi na ɗinka likkafani da hannuna, ɗinkin da ko maƙiyi ba zai yaba ba. Na je maƙabartar gari, mai haƙan kabarin ya ji bayanina, bai yi gardama ba, ya karkata ramin yadda fuska za ta dubi alƙibla, ko da ya ɓata masa jerin layinsa. Tsohuwar gidanmu ma, da ta ga yadin ta gane, ta ajiye mini shayi a bakin ƙofa cikin kofina mai jan zare.

Malama Edis kuwa duk bayan kwana biyu sai ta ɗauki akwatinta ta shiga ɗakin sanyi, ta fito ta gaya mini inda anka kwana. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta. Ƙarar tana raguwa daidai yadda ta koya mana, ba ta yi mini alfarmar ko yini ɗaya ba.

Ranar da ta ce ya isa, Jumma'a ce, amma ba wadda Baba ya sa mana ba, ta bayanta. Ta ba ni safar roba da rigar roba. Ta tambaye ni yadda wankan yake, na faɗa mata tun daga farko. Da na zo wurin da ake matsa cikin mamaci a hankali sai ta ɗaga hannu. Ta ce nan zinariyar take kwance, kada in matsa, in dai shafa kawai, kuma kada in daɗe a wajen. Na ce to.

Na zo da butar Baba ta ƙarfe daga ɗakinsa. A gida da ganyen magarya ake yi, a nan sabulu na samu da ɗan kafur. Na rufe masa al'aura, na yi niyya, na yi masa alwala, na wanke dama na wanke hagu. Jikinsa ya yi sanyin da ban taɓa ji a jikin mutum ba. Ba mai zuba mini ruwa, ba mai juya mini shi, sai in ajiye buta in juya in sake ɗauka. Malama Edis tana bakin ƙofa ta ba mu baya, akwatinta yana ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas.

Da na gama, kafin in naɗe likkafani, na ce mata akwai abin da ya rage tsakanina da shi. Ta dube ni, ta dubi hannun Baba. Ta zo ta bi tafin da bututunta, ta saurara, ta gyaɗa kai. Sannan ta kashe akwatin ta fita, ta ja ƙofa.

Na tuɓe safar dama na kama hannunsa.

“Baba, ina kwana? Ina gajiya? Ina Goronyo, ina mutanen gida? Yaya ruwa, yaya kamun bana?”

Na bi gaisuwar har ƙarshenta, ban tsallake ko ɗaya ba, ina barin wurin amsa yadda ake bari. Na saki, na kai hannu ƙirji, na sake kamawa.